Dutsen da Muka Binne a Iyaka

Zuwa ga mahaifina, Baba Dauda Dogo,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana hutawa a wurin da babu zafin rana, babu kuma ciwon gwiwar nan da ya hana ka zuwa gona a shekarunka na ƙarshe. Mutanen gida duk lafiya. Surukarka Saratu lafiya, jikokinka lafiya, ƙanena Ishaku yana nan yana fama da kasuwancin rakensa a Makarfi. Damina ta yi albarka, dawa ta sunkuyar da kai, mun gode Allah.

Na gama gaisuwa yadda ka koya mini. Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wa mutumin da ya shekara shida a ƙasa. Ni dai Baba ba lafiya nake ba. Jikina garau, amma kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana a gona, in na je gona sai in juyo gida. Jiya a makaranta na tsaya gaban allo da alli a hannu, na manta darasin da na zo koyarwa.

Maƙwabcinka na gona, Malam Haruna, ya rasu. An yi sadakar arba'in makon jiya. Na je jana'izarsa na tsaya daga gefe yadda ka saba yi, na kuma zauna zaman makoki kwana uku a zauren nan da ya shekara arba'in yana karantar da Alƙur'ani. Yanzu 'ya'yansa za su raba gado, kuma ba a raba gona sai an san inda ta fara da inda ta tsaya.

Ranar Lahadi da yamma babban ɗansa Sani ya zo gidanmu. Ka san shi, wanda ya tafi karatu Zariya tun yana ƙarami, yanzu yana koyarwa a Ikara. Bai san gonar ubansa ba sai daga nesa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sakat: “Ticha, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san iyakar nan. Ranar Asabar da hantsi mai unguwa zai zo da shaidu. Duk inda ka aza ƙafa ka ce nan ne, to nan ne. Malam ya sha gaya mana ɗan Dogo ba ya ƙarya.”

Gobe ce Asabar ɗin, Baba. Kuma ɗan Dogo ya ci kunyoyin noma huɗu na gonar Malam.

Ka ji na faɗa.

Ina tuna ranar da kuka binne dutsen. Shekarar da na yi aure ce, bayan ruwa ya kwashe tsohuwar alamar. Kai da Malam kuka tsaya a wurin, kuka ce gamba tana iya mutuwa, kara yana iya ruɓewa, a sa abin da ba ya tafiya. Ka aike ni gida na ɗauko rabin dutsen niƙan Inna, wanda ya tsage biyu. Ni na haƙa ramin da hannuna. Malam ya yi addu'arsa, kai ka yi taka, kowa ya ce amin ga ta ɗan'uwansa. Aka rufe, aka dasa gamba a kai. Mu uku ne a wurin, biyu sun tafi.

Ina kuma tuna abin da ya fi ba ni haushi a aikinka. Kowace shekara in muka zo huɗa da shanu, sai ka tsayar da garma saura kunya ɗaya a kai iyaka. Faɗin kunya guda, daga wannan kai zuwa wancan, a cikin gonarmu ta halal, kake barin ta ga ciyawa. Kuma a nan ne ƙasa ta fi kyau, domin daga nan take fara gangarawa fadama, baƙa, mai laima. Sama kuwa jigawa ce, sai ka zuba mata taki kamar kana roƙonta.

Sau nawa na yi maka gunaguni? Amsarka ɗaya ce: “Sa bai san iyaka ba. Mai garma ma in ya gaji mantawa yake. Ka bar musu wurin kuskure a cikin naka.”

A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai. Har dariya muke yi da Ishaku, muna cewa Baba yana noma wa fari da ɓeraye gona.

Haka kake a komai, sai yanzu nake haɗawa. Kai da bakinka ka ba mu labarin yadda kake shan burkutu kafin a yi maka baftisma, har a ɗauko ka a kafaɗa. Bayan ka tuba, shekara talatin da wani abu ba ka sake bin hanyar bakin tsamiya ba, inda ake sayar da ita. In za mu kasuwa sai mu zaga ta bayan makaranta, rana tana dukanmu, tafiya ta ninku. Na taɓa ce maka ai yanzu ka fi ƙarfinta, me zai hana mu bi gajeruwar hanya? Ka kalle ni ka ce: “Ban fi ƙarfinta ba. Nisa na ba ta. Ni na san hancina.”

In an zauna hira a gindin bishiya aka fara cin naman wani, ba ka yi wa kowa wa'azi. Sai ka miƙe ka ce za ka duba akuya. Mutane har suka gane, in an ga ka kakkaɓe riga sai wani ya ce, to, akuyar Dogo ta yi kuka, a canja magana.

Ni kuwa da na gaji gonar, na fi ka ilimi a ganina. Daminar farko bayan rasuwarka na iso wurin da garma, na tsaya, na duba ciyawar nan. Na ce a raina wannan ƙasarmu ce, ba ta kowa ba, barinta ma almubazzaranci ne. Na kora shanu na huɗe ta. Allah ya sani ban ɗauki ƙwayar ƙasar kowa ba a ranar. Masarar da ta yi a wurin, kai, sai da mutane suka tsaya kallo.

Shekara ta biyu aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ya tumɓuke rabin gambar. Sauran kuma bakin garmata ya taɓa, tunda yanzu babu komai tsakanina da ita. Na ce zan sake dasawa. Ban dasa ba.

Shekara ta uku Malam ya kwanta ciwo. 'Yan ƙwadago ne ke nome masa gona, baƙi, ba su san inda aka tsaya ba. Na zo huɗa, sa ya karkace, kunya ɗaya ta faɗa cikin nasa. Na gani sarai. Na tsaya da igiya a hannu ina kallo, na ce gobe zan baje ta. Gobe ta zo na ce ai an riga an shuka, a bari sai an girbe.

Daga nan ban ƙara ɗora wa sa laifi ba. Ni na ja shi. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Bara na dasa rake a wurin, domin laimar ba ta ƙarewa. Yanzu haka yana tsaye ya fi ni tsawo, kauri kamar damtsena, saura kaɗan a sara. Duk gonarmu babu inda ya kai wurin nan. Shi nake fara dubawa in na je, shi nake waiwaya in zan tafi.

Kuma duk wannan lokacin ina zuwa gaida Malam. Ina durƙusawa a gefen shimfiɗarsa, yana riƙe hannuna yana sa mini albarka, yana tambaya ya gona. Ina cewa lafiya lau.

Baba, abin da ya fi ci mini rai shi ne ban daina addu'a ba. Kowace safiya muna taruwa da iyali, muna roƙon Ubangiji ya tsare mu daga jaraba, ni nake ja musu. In an ce amin sai in ɗauki fartanya in nufi wurin da jarabar take, in yi mata noma, in zuba mata taki. Ashe mutum yana iya roƙon a tsare shi daga abin da ya riga ya rungume.

An naɗa ni dattijon ikilisiya shekara biyu da suka wuce, saboda sunanka. Watan jiya fasto ya ba ni koyarwa a zumuntar maza, kuma kan maganar, ka ji ikon Allah, yadda mai bi zai tsaya wa jaraba. Na shirya tsaf. Na ce a yi addu'a, a riƙe Maganar Allah, a guji mugayen abokai, kada a raina ƙaramin zunubi. Na yi magana har gumi. Wani tsoho cikin sa'o'inka ya riƙe ni a ƙofa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi murmushi na ce na gode. A hanya wani ya tsayar da ni ya ce, Ticha, raken nan naka na ƙasa fa ya yi kyau, sai na yi sauri na canja magana. Mutumin yabo kawai yake yi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ranar Talata na je Makarfi na sami Ishaku a rumfarsa. Na ce shawara na je nema, amma ƙarya ne, na san abin da zai faɗa, shi ya sa na je wurinsa ban je wurin fasto ba. Ya saurare ni yana feƙe rake, ya ce: “Haba Yaya, ƙasa ce fa, ba ta magana. Mutum ya ce duk inda ka nuna, kai kuma ka tsaya kana neman wa kanka wahala?” Ya ƙara da cewa gonar Malam ta kai uku irin tamu, ba za su ma ji an taɓa ba. Ya kawo tsofaffin maganganu, abubuwan da aka yi mana mu Kirista a wurare, wanda aka hana kaza, wanda aka ƙwace wa kaza. Ya ce in mun ci kunya huɗu, ramuwa ce.

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na hau mashin ina maimaita ta. Sai da na kusa Nasarawan Doya na tambayi kaina, a cikin duk abin da Ishaku ya lissafa, wanne ne Malam Haruna ya yi? Mutumin da ya aiko 'ya'yansa suka taya mu haƙa kabarinka. Mutumin da ranar Kirsimeti yake karɓar tuwon Inna da hannu biyu, ranar Sallah kuma namansa ya riga na kowa shigowa gidanmu. Ko ɗaya babu, amma ban bar maganar ba, na dai ajiye ta a gefe ko za ta yi amfani.

To ga wanda ya fi muni. Ranar Laraba da rana tsaka, lokacin da kowa ya koma inuwa, na ɗauki galma na tafi gona. Na shiga cikin rake, na auna daga gindin giginya, na haƙa. Ga shi nan, Baba. Yana kwance yadda muka bar shi. Na share ƙasar da hannu, sai ga kwarmin nan da hannun Inna ya yi shekara da shekaru tana niƙa mana gero. Niyyata in ciro shi in kai shi bayan kunya ta huɗu in binne, in watsa busasshen ganye a kai. Gobe in an ce ina shaida, sai in ce a haƙa a gani.

Na sa hannu biyu na ɗaga shi, har ya motsa.

Ina so in ce maka tuna Inna ne ya hana ni, ko wata aya ce ta faɗo mini. Ba haka ba ne. Ƙarar mashin na ji a hanyar rafi. Na saki dutsen, na tura ƙasa da ƙafa, na fito ina kakkaɓe wando kamar wanda ya zaga bayan gari. Mai mashin ko kallona bai yi ba. Da bai wuce ba, da yanzu dutsen yana inda ba wurinsa ba. Wannan ne ɗan da ka bari.

Na dawo gida na kasa cin abinci. Jiya da la'asar Saratu tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna kan turmi na faɗa mata komai, har da galmar. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama. Ta ce: “Na sani tun bara. Ba ka lura ko gaɓa ɗaya ta raken nan ban taɓa sha ba? Jira nake ka gaji da ɗauka.” Shekara guda ina shigo da shi gida, tana karɓa tana ajiyewa, ban taɓa lura ba.

Na ce mata to na yanke shawara, ranar Asabar zan nuna gaskiya. Sai ta ajiye rariya ta kalle ni. Ta ce: “Baban Ladi, na san ka. A gaban mutane bakinka santsi gare shi. In ka tsaya a wurin, ga rake, ga mai unguwa, ga Sani yana cewa duk inda ka nuna, ban san inda ƙafarka za ta sauka ba. Kai ma ba ka sani ba.”

Na ji haushi, har na miƙe na fita. Na zaga gari na dawo. Gaskiya ta faɗa. Yau da safe kaɗai sau uku na canja. Da na farka na ce duka huɗun zan mayar. Ina wanke fuska na ce ko biyu, a raba, ai ni na gyara wurin. Kafin in gama karin kumallo na ce a bari in sare raken tukuna, badi sai in gaya wa Sani a tsanake. Zuciyata kamar akuyar da aka ɗaure kusa da rumbu, duk inda ta zaga can take komawa.

Kuma ina tsoro, Baba. Ina tsoron idon mai unguwa. Ina tsoron ranar Lahadi, in shiga majami'a a bi ni da kallo, watakila a ce in sauka daga kujerar dattawa, kuma in an ce haka an yi daidai. Ina tsoron masu cewa ga irinta nan, masu wa'azi da baki. Abin da ya fi duka, ina tsoron a ce ɗan Dogo, sannan a yi shiru.

Ina zaune a nan zaure tun azahar ina tunanin me za ka yi. Sai na gane kai ba za ka taɓa samun kanka a nan ba, domin ba ka jira sai ka isa bakin tsamiya sannan ka gwada ƙarfinka. Tun daga ƙofar gida kake canja hanya. Ni na nome tazarar da ka bari, na ce ni mai ƙarfi ne, zan iya tsayawa daf da iyaka ban taka ba. Gobe da hantsi ita ce bakin tsamiyata, kuma ni ma yanzu na san hancina. Ba zan je can da zaɓi biyu a aljihu ba.

Shi ya sa ban rubuta wannan a takarda in ɓoye a akwati ba. A dandalin 'yan garinmu na waya zan saka ta, inda muke sanar da haihuwa da rasuwa, Musulmi da Kirista. Fasto yana ciki. Ishaku yana ciki, na san zai kira ni ya ce na haukace. Sani ma yana ciki.

Saboda haka bari in faɗa a gabanka, kowa yana ji. Dutsen yana nan. In an tsaya a gindin giginya aka fuskanci rafi, taki goma sha biyu ne, zurfinsa kamu ɗaya, ƙasar wurin sabuwar tonawa ce domin ni na tona ta shekaranjiya. Duk abin da yake gangare da shi ta wajen fadama, kunya huɗu da raken da ke kansu, na magadan Malam Haruna ne. Ni Yohanna na ci su da sanina, ba sa ba ne, ba ruwa ba ne. Abin da na girba a wurin a baya, duk hukuncin da suka yanke na karɓa. Ina roƙonsu gafara, zan kuma je in roƙa da bakina, a durƙushe, a zauren ubansu.

Kada ka ɗauka na ji sanyi. Har yanzu ina son raken nan. Ina rubutawa ina ganinsa, iska tana kaɗa shi. Amma in na danna wannan ta tafi, son da nake masa ba shi da sauran inda zai kai ni.

In Allah ya kai mu damina zan dasa gamba a kan dutsen Inna. Zan tsayar da garma saura kunya ɗaya. Jikokinka za su yi mini dariya su ce ina noma wa fari gona, ni kuma zan ba su labarin ranar Laraba, ba zan rage komai ba.

Baba, na yi kewarka. Da kana nan da ka kakkaɓe riga ka ce mu je mu duba akuya, ka yi mini faɗan a bayan gida inda ba mai ji.

Ya Ubangiji, kai da ka san ni ƙasa ne, ka gafarta mini. Ka riƙe ƙafata gobe ta sauka inda dutsen yake. Ka saka wa Malam Haruna da alherin da ya yi wa gidanmu, ka sanyaya zuciyar 'ya'yansa. Ka ba Baba da Inna hutu har ranar da za mu sadu. Cikin sunan Yesu, amin.

Saratu tana tsaye a bakin zaure tana kallon hannuna. Bari in tura kafin in sake karantawa.

Ɗanka,
Yohanna